Goron Suna a Cikin Kwalla

Haulatu dai ba ta zauna ba tun asuba. Ta leƙa taga, ta koma bakin gado, ta ɗauki jaririya, ta ajiye, ta sake miƙewa. Yau kwana bakwai da haihuwarta, maza sun cika zaure ana jiran raɗin suna, uban jaririya kuwa yana kan keke a wani wuri tsakanin Kwangwalam da Daura.

Hafizu ke nan, malamin firamare, mutumin da Allah ya jarabta da keke. Da aka yi dogon hutu na damina, shi da abokansa uku suka ɗaure jakunkuna a kariyar kekunansu suka ce sai Nijar, yawon buɗe ido. Suka yi alkawari tsakaninsu babu mai taka mota har su dawo. Lissafinsa saura wata guda ta haihu. Ina! Yana tsallaka iyaka da kwana biyar yarinya ta faɗo. Lokacin kuma shekara ta biyu ce da fara shari'a, wayar hannu ba ta shigo gari ba, sai direban motar Damagaram aka ba sallahu. Jiya direban ya dawo da amsa: ya same shi, ya baro abokansa, yana tafe, a jira shi.

Surukinta Malam Audi ya ce zai jira, amma fa zuwa hantsi. Rana na taɓa bakin zaure zai sa wa yarinya sunan mahaifiyarsa, Maijidda. Gidan nan kuwa Maijidda uku ne, in ka kira ɗaya sai duk su waiwayo.

Abin da ke cin Haulatu ke nan. Tun cikin yana wata huɗu Hafizu ya yi mata alkawari, su biyu a ɗaki, in mace ce sunan mahaifiyarta marigayiya za a sa, Zubaida. Ba wanda ya sani. Ita kuma haihuwar fari, wa ya aike ta? Ko kallon yarinyar ba ta isa ta yi a gaban mutane ba, balle ta aika wa suruki da zancen suna.

"Ke zauna mana!" in ji Gwaggo Yelwa, ƙanwar babanta da ta zo yi mata wankan jego. "Maijego kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Wa kike leƙe?"

"Ba kowa, Gwaggo. Hadari nake dubawa."

"Hadari mai ƙafa biyu da ƙararrawa ko?"

Ana haka sai ga Hasana, yayar Hafizu da ke aure a Mai'aduwa, ta faɗo ɗakin ko mayafi ba ta cire ba, tana dariya har da riƙe ciki.

"Gwaggo, na ga abin da ya ishe ni! Mun wuce ɗan naku a hanya. Rago ya sayo a Matamaye, ƙato, ya ɗaure shi a bayan keke. Rago na harbi, keke na rawa, shi duk taɓo har gira. Direba ya tsaya ya ce, Malam ɗora keken a sama mu tafi. Wai shi ya yi alkawari!"

"A ina kuka bar shi, Yaya?" Maganar ta kuɓuce wa Haulatu.

"Au, ashe ana so a ji? Bai fi rabin hanya ba, amarya. In ragon ya yarda."

Haulatu ta leƙa. Rana ta sauko rabin katanga. Wato alkawarin abokai ya riƙe, nata kuwa ko oho. Ta ji kamar ta fita da zanen jego ta tare hanya ta turo keken da kanta.

Gwaggo da Hasana suka fita duba tukunyar kunun kanwa. Idon Haulatu ya sauka kan goron suna, ƙwarya biyu a jiƙaƙƙen buhu, an ajiye a bayan ƙofarta don ɗakin ya fi sanyi. Ai ba a shafa fatiha ba a raba goro ba. Ta ɗaga murfin babbar kwallar da ke saman jerenta, ta juye shi kaf, ta rufe, ta cusa buhun a ƙarƙashin gado. Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Ba a jima ba muryar Malam Audi ta taso daga zaure. "A miƙo goro! Liman na da wani sunan a gaba."

Gida ya hautsine. Aka duba madafa, aka duba rumbu, aka zazzage buhun gero. Wata ta ce akuya ce, Hasana ta ce wace akuya ce ke cin goro har da buhu. Gwaggo Yelwa ta shigo, ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta dubi Haulatu, ta dubi jere. Murfin kwallar bai zauna daidai ba. Haulatu ta runtse ido.

Gwaggo ta sa yatsa ta gyara murfin.

"Babu a nan, Malam!" ta ɗaga murya. "A duba ɗakin baƙi!"

Malam Audi ya ce to a bari, a je kasuwa a sayo wani, shi ba zai tsare mutane saboda mai keke ba. Aka tashi mai babur. Kasuwa kuwa ga ta nan kusa. Haulatu ta ji tashin babur ɗin har cikin haƙoranta. Ta tashi zaune, ta kwanta, ta sake tashi. Jaririya ta fara kuka, ta ɗora ta a kafaɗa tana zagaye ɗaki, daga ƙofa zuwa gado, daga gado zuwa ƙofa.

Sai ta ji ƙararrawa. Kirin-kirin! Sannan kukan rago, sannan zaure ya ɗauki sowa. Hasana ta leƙo tana haki: taya ta fashe wa Hafizu a bakin gari, a ƙasa ya ƙaraso, rago a kan keke kamar ango, shi yana turawa.

Gwaggo Yelwa ta dubi jere. Ta miƙe ta sauke kwalla ta ɗora a ka.

"Ga goro ya fito! Tsufa ne, ni na adana na manta."

Aka kai goro zaure. Haulatu ta manna kunne a jikin taga, tana jin liman na addu'a, maza na amin. Can wanzami ya leƙo tsakar gida ya ɗaga murya:

"Sunan yarinya Zubaida! Allah ya raya!"

Mata suka ɗauki guɗa. Haulatu ta yi maza ta kwanta ta fuskanci bango kamar ba da ita ake ba. Sai da ɗakin ya rage ita kaɗai ta jawo yarinyar, ta sa baki a kunnenta.

"Sannu da zuwa, Ummina."

Daga bakin ƙofa Gwaggo ta yi gyaran murya.

"Na ji dai. Gobe in za ki yi ɓoyo, ki riƙa rufe murfi da kyau."