Minti Arba'in da Biyar a Gonar Acca

Kafin shekarar 1975 Emilia Kambai ta haihu sau biyu, sau biyu kuma ta binne. Na fari namiji, ya yi kwana takwas. Ta biyu mace, ta yi kwana tara. Dukansu a ƙauyen mijinta aka haife su, kusa da Fadan Kagoma, kuma hanya ɗaya suka bi. Sukan kama nono da kyau har kwana biyar ko shida, sai baki ya ƙi buɗuwa, sai jiki ya riƙa sandarewa, baya ya lanƙwashe. Matan ƙauye suka ce nononta ne ba shi da kyau.

Da aka mayar da mijinta, Malam Wilfred, wata makarantar firamare a Kafanchan, ta sake samun ciki, sai ta fara zuwa awo a wani ƙaramin asibitin haihuwa na mishan. Ungozomar wurin, Sista Clara, ta saurari labarin yaran biyu har ƙarshe, sannan ta yi tambaya.

"Da me aka yanke musu cibiya?"

"Na fari da tsagin kara, Sista. Ta biyu da wuƙar girki."

"Me aka sa a kai?"

"Toka da man kaɗe."

Sista Clara ta ajiye alƙalami. Ta ce sunan ciwon sarƙe-haƙora, ko da yake jariri ba shi da haƙori ko ɗaya. Ta ce a cikin ƙasa yake, da jikin ƙarfen da ya taɓa ƙasa, kuma ta cibiya yake shiga. "Ba nononki ba ne, Misis Kambai. Wannan karon a nan za ki haihu, a hannuna."

Sai ta ba ta wani ƙaramin gwangwani mai murfi, don ko ta kwana. A ciki akwai sabuwar reza cikin takardarta, da zare biyu da aka dafa, da auduga, da 'yar kwalbar aidin. Wata biyar Emilia ba ta rabu da gwangwanin nan ba. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take zuwa coci, ƙulle a bakin zane.

A tsakiyar Oktoba aka aiko daga ƙauye cewa acca ta nuna, an sa gayyar yanka ranar Asabar. Matar ɗa ita ke dafa wa gayya abinci. Wadda ta ƙi zuwa, sai a ce gari ya sa ta raina gida. Sista ta ce saura mako uku ta haihu. Naƙudar Emilia ta fari kwana biyu ta ɗauka, ta biyu yini da kwana. Malam Wilfred ya yi lissafi a bayan wata ambulan ta wasiƙa: ko da ciwo ya tashi a can, akwai babur, awa ɗaya suna Kafanchan. Suka tafi ranar Juma'a da yamma.

Asabar da safe Emilia ta gama tuwo da miyar karkashi, tana gyara ɗaurin zane kafin ta ɗauki tukunya. Uwar mijinta, Mama Angelina, ta hangi ƙullin. Emilia 'yar ƙabilar Bajju ce, ba ta jin yaren gidan sosai, don haka da Hausa suke magana.

"Matana, mene wannan?"

"Kayan cibiya ne, Mama. Sista ta ba ni."

"Za ka kai shi gona? Gaban maza? Yaro bai zo ba, kayan shi ya riga shi fita?" Mama ta girgiza kai. "A gidan nan ba a yin haka. Ido ya yi yawa a gayya. Ajiye shi."

Emilia ta dubi gwangwanin. Ta riga ta binne wa gidan nan jikoki biyu, ba ta son a ce ita ta jawo wa na uku baki. Ta cusa shi ƙarƙashin tabarma a ɗakin Mama. Gonar ba ta wuce tafiyar minti ashirin da biyar ba, sai dai akwai rafi a tsakani, babur ba ya ƙetarewa.

Malam Wilfred mutum ne mai duba agogo. Lokacin da mata suka iso da abinci ya duba, ƙarfe goma sha ɗaya daidai. A daidai lokacin nan, tana sauke tukunya a gindin ɗorawa, Emilia ta ji abu ya murɗa mata baya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Tun tana yarinya ta ji ana cewa macen da ta yi saurin faɗin naƙuda, naƙudar takan yi mata tsawo, kuma ta san abin da tsawon yake nufi. Ban da haka, maza ashirin na zaune suna wanke hannu. Ta ce a ranta bari su gama ci, sannan ta ja Malam gefe. Ta ci gaba da kwasar tuwo. Ciwo na biyu ya zo kafin ta cika kwano na huɗu. Na uku ya zo a kan na biyu, babu hutu a tsakani. Ta dafa ɗorawar. Ruwa ya fashe ya bi ƙafafunta.

Sha ɗaya da kwata ne lokacin da ta kira mijinta.

"Malam. Gwangwani. Yana ƙarƙashin tabarma, ɗakin Mama. Yi gudu."

"In kawo babur bakin rafi?"

"Bar babur. Gwangwani!"

Ya cire takalmi ya ruga. Mata suka kore maza zuwa ƙasan gona, suka kwance mayafai suka yi mata kewaye. Aka shimfiɗa buhu a kan karmamin acca. Emilia ta durƙusa, ta riƙe wuyan wata mata da ba ta ma san sunanta ba.

Abin da ta tuna daga baya shi ne ta yi ƙoƙarin hana shi. Ta haɗa gwiwoyi. Ta riƙa huci ta baki kamar yadda Sista ta koya musu. Ta yi addu'ar "A gaishe ki Maryamu" har rabi, ta ɓace, ta sake daga farko. Jikin bai saurare ta ba. Yana turawa da kansa, kamar ba nata ba.

"Buɗe ƙafa!" Mama ta daka mata tsawa. "Kana so ka shaƙe shi?"

"Mama, Malam bai dawo ba."

"Malam ne zai haifa?"

Nishi uku. Yarinyar ta faɗo hannun Mama, ta canyara kuka nan take, mai ƙarfi. Mabiyiya ta biyo baya ba da daɗewa ba. Wata mata ta rangaɗa guɗa, maza daga ƙasan gona suka amsa.

Emilia ta zube gefe ɗaya. Kunnuwanta na ƙara, tana ganin mutane kamar ta cikin ruwa. Ta ga Mama ta tsinko zare daga gefen zanenta da haƙori. Ta ga ta miƙa hannu baya, wata ta sa mata lauje.

"Mama, a jira. Don Allah a jira Malam."

"A bar yaro kwance da mabiyiya, ƙuda suna bi? A gidan wa?" Mama ba da faɗa ta faɗa ba. Ta haifi goma sha ɗaya, bakwai suna raye, ta kuma karɓi haihuwar rabin ƙauyen. Ta goge laujen a zanenta sau biyu, ciki da baya, don ta san matar ɗanta mai son tsabta ce. Ta yanke.

Da Malam Wilfred ya iso, wandonsa jiƙe har cinya, gwangwani a hannu, an riga an naɗe jaririya cikin ɗankwali. Ya duba agogo. Sha biyu saura kwata. Matan suka ce bai fi minti biyar da yankewa ba.

Lahadi da safe suka sami motar da ta kai su Kafanchan. Sista Clara ta kwance ɗaurin, ta dubi cibiyar, ta dubi Emilia.

"Da me?"

"Lauje."

Sista ba ta yi faɗa ba. Ta rage cibiyar da almakashinta, ta wanke, ta shafa aidin, ta ɗaure da sabon zare. Ta ce akwai allurar da kan taimaka, amma tasu ta ƙare tun watan jiya, ta aika a nemo.

"Ba kowane yaro yake kamawa ba," in ji ta. "Ki riƙa duba bakinta kowace safiya."

Labari ya riga su isa unguwa. Matan zumuntar coci suka cika gida da sabulu da kunun gyaɗa. Malam Wilfred ya zauna a baranda yana maimaita lissafin ga duk wanda ya shigo: minti arba'in da biyar, daga farko har ƙarshe, har da naɗe yarinya.

"Ke kam ba mace ba ce, kaza ce," in ji Catherine, maƙwabciyarsu, wadda ta yi kwana uku a kan gwiwa kafin ta haifi ɗanta. "Kin ajiye ƙwai kin tashi. Ki ara mini ƙugun nan naki in lokacina ya zo, zan dawo miki da shi a wanke."

"Jirgin ƙasan Jos ma bai kai ki sauri ba," in ji wata.

"Jirgin Jos? Wanda ke zuwa jibi in an ce yau?"

Aka yi dariya. Wata ta tayar da waƙar godiya, sauran suka kama. Suka ce Ubangiji ya share mata hawaye. Emilia ta amsa da amin. Yarinyar tana tsotso da ƙarfi har sai da kan nonon ya tsage. Kowace safiya Emilia takan wanke ɗan yatsa ta sa mata a baki. Litinin ta kama. Talata ta kama. Laraba ta kama, Alhamis ma haka.

Tsakanin safiya da safiya Emilia lissafi ɗaya take yi. Malam ya yi minti talatin zuwa da dawowa. Ta yi shiru na minti goma sha biyar tana kwasar tuwo. Ya makara da biyar. Ta juya lissafin ta kowace fuska, amsar ba ta sauya ba.

Juma'a da safe yarinyar ta kai baki ga nono, ta yi kuka, ta saki. Emilia ta sa yatsa. Bai shiga ba. Catherine ta shigo da ruwan zafi, ta leƙa.

"Kai, duba! Murmushi take yi. Kwana shida har ta iya murmushi."

Emilia ta san wannan fuskar. Ta gan ta sau biyu, a jikin yaran da ta binne. Ta goya yarinyar ta fita ba ta ɗaura ɗankwali ba.

Sista Clara ta sa su a wani ɗaki na ƙurya, ta rufe tagogi da bargo, ta hana kowa magana, domin ƙara ko haske kaɗan sai ya tayar da sandarewar. Aka sa wa yarinyar siririyar roba ta hanci. Emilia tana tatsar nono a kofi, Sista tana ɗurawa. Allurar ta iso ranar Asabar, aka yi mata. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci Sista ta shigo da ruwan baftisma a kofi, ta yi tambaya cikin raɗa.

"Wane suna?"

Yaran farko biyu babu wanda ya sami suna. Emilia ta ce, "Scholastica." Sista ta ɗiga mata ruwa sau uku a goshi. Ruwan ma sai da ya sa jikin ya sandare.

Ta rasu ranar Litinin da ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Aka binne ta kafin la'asar.

Ranar Laraba Mama Angelina ta sauka daga motar kasuwa da ƙwarya a ka. Saƙo bai kai mata ba. Ta kawo sabuwar acca, surfaffiya, don a yi wa mai jego fate. Ta ga mutane zaune a tabarmi, ba mai waƙa. Ta sauke ƙwaryar a bakin ƙofa. Ta daɗe tsaye kafin ta shiga wurin Emilia.

"Matana." Ta zauna a ƙasa. "Sun ce lauje ne. Na goge shi. Ka gani da idonka, na goge shi."

"Na gani, Mama."

"To ni ne?"

Emilia ta dubi rigarta, inda nono ya jiƙa wuri biyu. "Na ji ciwo tun ina sauke tukunya," ta ce. "Ban faɗa ba."



Bayan mako biyu Malam Wilfred zai koma makaranta. Ya tsaya gaban madubi da safe yana shafa gemu, ya ce rezarsa ta dakushe, kanti kuma bai buɗe ba. Emilia ta tashi, ta ɗauko gwangwanin daga ƙasan akwati. Ta buɗe, ta zaro rezar da takardarta, ta miƙa masa.

"A'a," ya ce. "Sista ta ce a ajiye. Saboda gaba."

"Yi askinka, Malam. Za ka makara."

Ya tsaya da ita a tafin hannu. Emilia ta zubar da zaren da audugar a murhu, ta ɗauraye gwangwanin, ta zuba gishiri a ciki.