Sifilin da Injiniya Ya Gani

Kwamfutar ta yi wani ƙara kamar ana tauna tsakuwa, allonta ya yi fari fat, sannan ya ɗauke. Mama Tafireta ta janye hannuwanta, ta gyara zaman tabarau, ta dubi ɗaliban da suka yi layi a bakin taga suna jiran takardar sakamako.

"Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Tsohuwa ta suma. A kira min Injiniya."

Ya zo da jakar kayan aiki, ya durƙusa, ya kwance murfin. Ƙaurin da ya bugi hancinsa kaɗai ya ishe shi bayani. Sakamakon ɗaliban kwalejin na shekara tara yana cikin wannan akwati, kuma akwatin ya ƙone.

"Ta tafi ke nan?" in ji Mama.

"Ta tafi."

"Allah ya jiƙanta, mun sha aiki tare. Amma ai akwai kwafi a wajenka."

"Akwai," ya ce, kansa a cikin akwatin.

"Dama na sani. Ɗana ba zai bari in ji kunya ba, ga ritaya saura wata takwas."

* * *

Ya kulle kansa a ofis, ya buɗe rahoton da yake buɗewa kowace safiya. Kwamfuta arba'in ne a kwalejin, iri uku, kowane iri da tsarinsa. Kullum ƙarfe huɗu kowacce takan tura kwafin aikinta zuwa wata babbar na'urar ajiya da ke wani gari. Layi arba'in, koriyar alama arba'in. Ya sauko da yatsa zuwa layi na talatin da ɗaya, na Mama.

An kammala lafiya. Fayilolin da aka tura: sifili.

Wata goma sha huɗu ke nan yana ganin wannan sifili. Tun ranar da ya sauya saitin ajiyar don ya dace da sababbin kwamfutoci, tsohuwar ta Mama, mai tsari daban, take aika fanko. Tsofaffin kwafinta kuma sabon saitin ya daɗe da share su. Ya lura. Bai gane dalili ba, kuma bai tambaya ba.

Wa zai tambaya? Dogo ne ya shimfiɗa wayoyin ginin nan da hannunsa, shekara bakwai, kowa ya ɗauka kujerar tasa ce. Sai Darakta ya kawo mijin ƙanwarsa, mai gyaran wayar hannu da kwas na wata uku, ya ce daga yau ga Injiniya. Ranar da Dogo zai tafi ya rubuta lambarsa a 'yar takarda, ya ce, "In wani abu ya shige maka duhu, kira ni. Ba na riƙo." Sau nawa Injiniya ya ɗauko takardar ya mayar. Ina aka taɓa jin Injiniya yana tambaya?

* * *

Darakta ya saurare shi har ƙarshe yana juya biro.

"Ban da kai, wa ya ga sifilin nan?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"To babu sifili."

"Amma rahoton..."

"Rahoton ya ce kore, ko ba haka ba? Kai ka yi naka. Ita ce ke zare waya ta jona butar shayinta. Kowa ya sani."

"Sau ɗaya ne ta yi, kuma wayar fanka ce."

Darakta ya ajiye biron. "Surukina, buɗe kunnenka. In kwamiti ya zauna a kanka, tambayar farko ita ce wa ya ɗauke ka aiki. Ka faɗi, in faɗi, ƙanwata ta koma ina? Ita wannan ai ta ci zamaninta. Wata takwas ne fa kawai."

Injiniya ya dubi takalmansa. Bai ce to ba. Bai kuma ce a'a ba, kuma dukansu sun san ma'anar hakan.

* * *

Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana yi wa 'yan biyu kitso, ɗaya a ƙafa, ɗaya na jiran layi tana kumbure-kumbure.

"Sannu da zuwa, Injiniyan gidanmu. Ga rimot can ya ƙi aiki, ko shi ma sai an kira Dogo?"

Wasa ne da ta saba. Yau bai yi dariya ba. Ya zauna a kan bokitin da aka kife.

"Za a kori wata baiwar Allah saboda ni."

Hannunta bai tsaya ba. "Yaya ya kira ni."

"Ashe kin sani."

"Na san ka dawo da fuska kamar an aiko maka da mutuwa. Ke, tsaya da kan nan." Ta ja gashin yarinyar. "Baban 'yan biyu, kai ka ƙona mata kwamfuta?"

"Ni ne ban ajiye kwafi ba."

"To ka je ka faɗa. Ka ce Yaya ya yi maka alfarma, kai kuma ka saka masa da tonon asiri. Sai mu tattara mu koma bakin titi da teburin gyaran waya, inda aka tsinto ka."

"Matar nan ɗana take ce min."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta nuna 'yan biyun da haɓa. "Waɗannan kuma Baba suke ce maka."

* * *

Kwana uku bai bi ta gaban teburin Mama ba. Ta matakalar baya yake zagayawa. A rana ta huɗu, tun a hanya ya shirya maganarsa. Zai shiga, zai ce ranka ya daɗe, ba zan iya ba. Ya maimaita ta har ta zauna masa a baki. Ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Yauwa, dama kai nake nema," in ji Darakta. "Laftof ɗin nan tun safe nake tura takarda, ta ƙi fita."

"Ranka ya daɗe, akwai maganar da..."

"Fara duba wannan tukuna. Sauri nake."

Ya duba. Laftof ɗin sabuwa ce, irinta daban, ba ta ganin firintar da kowa ke amfani da ita a babban zaure. Wannan kam ya iya. Ya haɗa ta da layin ofis, ya nuna mata firintar, minti biyu bai cika ba. Takarda ɗaya ce ke jira. Ya ga kanta kafin ya danna: Sallama daga aiki bisa sakaci da kayan hukuma.

Yatsansa ya tsaya a sama.

"Danna mana," in ji Darakta, ba tare da ya dube shi ba.

Ya danna.

Ya fito da sassarfa don ya riga kowa isa zauren, amma tun daga baranda ya ji firintar ta gama. Mama, da ta kwana uku zaune gaban tebur babu kwamfuta, ta riga ta miƙe. Shekara ashirin da shida duk takardar da za a sa wa hannu ita ke kai ta ofishin Darakta. Jikinta ya saba, ba ya jiran a ce mata.

Ta ɗauka. Ta matso da ita kusa da tabarau. Ya ga leɓɓanta suna motsi daga layin farko har na ƙarshe, sannan ta sake komawa sama. Magatakarda biyu da ke zauren suka duƙufa a kan aikin da ba su da shi.

Ta buɗe shuɗiyar foldar sa hannu, ta saka takardar, ta daidaita gefenta da tafin hannu don kada ta lanƙwashe. Ta taho a hankali har inda yake tsaye ya tare ƙofa.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. Ka ga firintar ta gyaru." Ta gyara riƙon foldar a ƙirjinta. "Yana ciki?"

"Yana ciki, Mama."

Ya matsa gefe, ya ba ta hanya.