Dutsen da Ke Tare Ruwan Sanyi

Mijina Ketill ne ya gina kwamin wankanmu da hannunsa, a shekarar da na haifi ’yarmu Sunna. A bayan gonarmu, gindin tsauni, akwai idon ruwan zafi da zai iya dafa ƙwai. Kusa da shi kuma ƙorama ce mai sanyi take gangarowa daga ƙanƙarar sama. Ya haƙa rami a tsakaninsu, ya jera duwatsu, sannan ya samo wani faffaɗan dutse baƙi ya kafa shi a bakin ƙoramar don ya tare ruwan sanyi, ya bar kaɗan yana shiga. Dutsen nan shi ne komai. In aka yi ruwan sama ko ƙanƙara ta narke, sai ya ɗauki dagi ya je ya matsar da shi faɗin yatsa biyu, ruwa ya koma daidai. Ba mai iya wannan sai shi. Mutum biyar kwamin yake ci, shida in akwai siriri.

Ya ce saboda gwiwoyina ya gina shi, amma shi ya fi ni zama a ciki.

Shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya san da shi sai mu da maƙwabta. Valdi, wanda gonarsa ke hayin gada, yakan zo bayan an gama yankan ciyawa. Ko gaisuwa ba ya yi, ya wanke jiki a ƙorama ya faɗo.

“Matsa, tsohon rago, ka cinye wuri.”

“Wa ya gayyace ka?”

“Matarka. Ta ce ta gaji da kallon ƙeyarka.”

Haka ake yi a wurinmu. Ka tarar da mutum a ruwan zafi, ka shiga. Ka zagi iska, ka zagi gwamnati, ka tambayi lafiyar tumaki. Ba a barin mutum a ruwan zafi shi kaɗai alhali ga mutane a tsaye.

Wata rana da bazara tayar wasu baƙi ta fashe a babbar hanya, daidai mahaɗar gonarmu. Saurayi ne da budurwa, sun jiƙe sharkaf. Ketill ya canza musu taya, na ba su miyar rago, shi kuma ya kai su kwamin su ji ɗumi. Suka ɗauki hoto. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Da shekara ta zagayo, motoci suka fara shigowa. Irin ƙananan nan farare da ake kwana a cikinsu. Biyu, biyar, sannan na daina lura. Sunna ta zo daga Reykjavík, babban birninmu, hutun ƙarshen mako, ta zauna a teburin kicin ta buɗe wayarta.

“Mama, kin san an sa ku a intanet? Ji wannan. Yadda za ka zagaye ƙasar da kuɗi kaɗan.”

“Karanta mu ji,” in ji Ketill, yana shafa man shanu a busasshen kifi.

“Kada ka ci abinci a gidan abinci, ka cika mota da taliya tun daga birni. Kada ka sayi ruwa, na famfo ya fi. Ka kwana a mota. Kada ka biya kuɗin wurin wanka, akwai kwamin ruwan zafi kyauta a gonar wani tsoho mai kirki.”

“Kin ji ko, tsohuwa? Mai kirki. Shekara nawa ina jiran ki faɗa.”

Na ce, “Mai kirki shi ne sunan da ake ba wawa in ana cin tuwonsa.”

Ya yi dariya har ya ƙware. Sunna ba ta karanta mana sauran ba a ranar. Da ta karanta, ban san ko da wani abu ya canza ba.

Ba na cewa dukansu miyagu ne. Amma na ga abubuwa. Na ga an wanke tukunyar taliya a inda nake tsoma gwiwoyina. Na tsinci takardar goge jiki a bayan kowane dutse, har karenmu ya koyi halin da ba shi da shi. Suna barin ƙyauren makiyaya a buɗe, mu wuni muna bin tumaki a bakin hanya. Ba sa wanke jiki kafin su shiga, sai ka ga maiƙo yana yawo a saman ruwa. Da can sau ɗaya a wata Ketill yake zubar da ruwan ya goge gansakuka. Sai ya koma kullum da sassafe, da buroshi da bokiti, mutum mai shekara saba’in da ɗaya.

Da hunturu zuciyarsa ta yi masa gargaɗi na farko. Kwana huɗu ya yi a asibiti. Da ya dawo na ce masa a sa ƙofa a hanyar, a kawo ƙarshen abin.

“A gidan nan ba a taɓa mayar da matafiyi ba,” ya ce. “Kakana bai yi ba, ubana bai yi ba.”

“Matafiyan kakanka da ƙafa suke zuwa, cikin guguwa, rai a hannun Allah. Waɗannan rowa ce ta kawo su.”

“Begga.” Ba ya kiran sunana sai magana ta yi nauyi. “Ko bayan raina. Ba ƙofa, ba kwaɗo, ba akwatin kuɗi. Ki ce kin yarda.”

Yana zaune da bargo a kafaɗa, fuskarsa kamar tsohuwar takarda. Me zan ce? Na ce na yarda. Na ƙara da cewa shi jaki ne. Ya ce ya sani.

Ranar Talata ce, tsakiyar watan Yuli, ana tsaka da yankan ciyawa. Ƙarfe bakwai ya fita da bokitinsa. Al’adarsa in ya gama goge-gogen sai ya shiga ya zauna kaɗan kafin ya dawo shan kofi. Takwas ta wuce. Na ce ya samu ’yan hira. Tara saura kwata kofin ya huce, na zuba wani a filas na bi shi, ina shirya zagin da zan yi masa.

Da na sha kwanar babban dutse sai na ga layi. Mutum shida, maza da mata, kowa ɗaure da tawul, sun jeru a kan hanya tsaf kamar masu jiran motar haya. Ba mai hayaniya. Wata yarinya mai jar hula ta juyo ta yi mini murmushi, ta ɗora yatsa a leɓe. Ta faɗi wani abu da Turanci a hankali. Turancina kaɗan ne, amma na gane kalmar barci.

Yana zaune a wurinsa na kullum, kansa jingine da dutse, bakinsa a ɗan buɗe. Tun daga nesa na sani. Shekara arba’in da huɗu ina ganin barcin mutumin nan, ba ya yin sa ba minshari.

Na faɗa ruwan da takalmana.

Abin da ya biyo baya, motar asibiti da Valdi da sauransu, ba na son rubuta shi. Abu ɗaya zan rubuta. Ɗan sandan da ya yi musu tambayoyi yaron ƙawata ne, shi ya gaya mini bayan na matsa masa. Na farkonsu ya iso wurin kusan minti arba’in kafin ni. Baƙon ya ce da ya iso tsohon yana motsi, har ya ɗaga masa hannu. Shi ma sai ya ɗaga masa, ya koma baya ya tsaya jira.

Ya ɗaga masa hannu.

Na tambayi likita, da an kira ku a lokacin fa? Ta ce ba za ta iya sani ba. Na ce ki yi mini ƙarya mana, ki ce ba abin da zai hana. Ta kira cikakken sunana, ta ce, “Bergljót, ban sani ba.”

Bayan jana’iza na sa Sunna ta buɗe wayar ta karanta mini abin har ƙarshe. Ta ƙi. Na ce zan kai wa Valdi, shi da ba ya gani sai da gilashin matarsa. Sai ta karanta.

“Kwamin ƙarami ne. In ka tarar da wani a ciki, ka tsaya nesa ka jira ya fita, kada ka dame shi. Haka kowa zai samu hotonsa shi kaɗai.”

Wato ladabi suka yi. Da mutum ɗaya cikinsu ya yi rashin kunya irin ta Valdi, ya faɗa ruwan ya ce matsa, da ya ga fuskarsa.

Motoci ba su daina zuwa ba. Ko ranar jana’izar, da muka dawo daga coci, uku na gani a fake. Sunna ta ce a kulle wurin. Mijinta ya ce a’a, a sa na’urar karɓar kuɗi, krona dubu biyu kowane kai. Valdi ya ce yana da tsohon ƙyaure na ƙarfe, yau yau zai kafa shi.

Na ce na yi alkawari.

“Ga wa? Ya mutu, Begga,” in ji Valdi.

“Shi ya sa. Da yana nan ai da na karya shi a gabansa.”

Na gwada riƙe wurin. Na ɗauki buroshinsa da bokitinsa. Dutsen ne ya fi ƙarfina, ko da dagi ba na iya motsa shi, sai in kira Valdi, ya matsar ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wannan duk da sauƙi. Layin ne ba na iya jure gani. Kullum na sha kwanar nan sai in tarar da shi, mutum ɗaya a ruwa, sauran a tsaye da tawul. Wata safiya na kasa daurewa. Na kama hannun wani dogo ina jan sa, ina nuna ruwan, ina cewa ku shiga, ku shiga tare, akwai wuri! Ya fizge hannunsa. Matarsa ta ɗaga waya tana ɗaukata. Wanda ke cikin ruwan ya fito da sauri yana ba ni haƙuri, ya zaci korarsa nake yi.

Na koma gida na zauna a kujerar Ketill har rana ta juya.

Da kaka, bayan an sauko da tumaki daga tsauni, Sunna ta zo da wani littafi mai hotunan duwatsun kabari. Masu sheƙi, baƙaƙe da jajaye, daga ƙasashen waje ake kawo su.

“Zaɓi ɗaya, Mama. Ba zai yiwu a bar Baba da gicciyen katako har hunturu ba.”

Na duba su. Ko ɗaya bai san shi ba. Na rufe littafin na ce ina da dutse.

Washegari na kira Valdi ya zo da tarakta da sarƙa. Da muka isa kwamin na nuna masa baƙin dutsen, sai ya kashe injin, ya sauko, ya cire hula ya sosa kai.

“Kin san abin da zai faru in aka ɗaga shi?”

“Shekara nawa ina kallon ruwan nan?”

“Akwai duwatsu dubu a tsaunin nan.”

“Wannan ne hannunsa ya sani.”

“To alkawarin fa?”

“Ka ga ƙofa? Ka ga kwaɗo?”

Sai ya ce, “Wayo ne wannan, Begga. Ketill zai zage ki.”

“Ya taso ya zage ni. Ina jira.”

Ya ɗaura sarƙar. Dutsen ya yi gardama kaɗan, sannan ya tashi da laka a gindinsa. Ƙoramar ta kwararo cikin kwamin gaba ɗaya. Tururin da na saba gani tun ina da ƙuruciya ya yi sama, ya yi siriri, ya ɓace. Ko minti biyar ba a yi ba. Valdi ya tsoma hannu ya cire da sauri. Muka kai dutsen maƙabartar coci.

Na ce wa mai sassaƙa kada ya goge shi, ya bar koren layin da ruwa ya yi masa. Sunansa da shekarunsa kawai aka rubuta.

Hanya tana nan a buɗe. Wanda ya so ya zo, ba mai hana shi, ba mai karɓar ko krona ɗaya. Bara sun ɗan zo, su tsoma ƙafa su yi ihu su koma mota. Bana ciyawa ta rufe hanyar. Sunna ta ce wani ya rubuta a wurin nan na intanet cewa kada kowa ya ɓata man motarsa, ruwan sanyi ne kawai. A duk shawarwarinsu wannan ce kaɗai na ji ta gaskiya.

Ban yaudari kaina ba. Na riƙe kalmomin da ya ba ni, amma abin da yake nufi na san na kashe shi. Valdi bai ƙara maganar ba, sai dai ya daina tsayawa shan kofi in ya zo. Gwiwoyina kuwa, da hunturu sai na dafa bango nake tashi.

Ranar Lahadi nakan je wurinsa. Da can, in ka taɓa dutsen nan, gefen da ke kallon kwamin ɗumi gare shi, ɗaya gefen kuma sanyi. Har yanzu in na je sai na zagaya na taɓa gefen ɗumin, na sani sarai ba sauran ɗumi, amma sai na taɓa.