Motar da Ba Ta Taɓa Gudu Ba

Shekara goma sha tara Malam Almu ya yi yana tuƙa motar gawa ta kwamitin jana'izar 'yan arewa a London, kuma da kwamitin ya sayi sabuwa, shi ya sayi tsohuwar. Bai yi shawara da kowa ba. Almu mutum ne da in ya ƙulla abu a ransa, sai dai ka ji labari bayan an gama. Motar baƙa ce, doguwa, mai shan dizal. Niyyarsa ya cire katakon da ake tura akwatin gawa a kai, ya sa katifa da ɗan risho da labule, ya mai da ita ɗakin da ake yawo da shi, irin wanda Turawa ke kwana a ciki a bakin teku.

Don matarsa Karimatu yake wannan aiki. Shekara ashirin da shida tana zaune a Camberwell, ba ta taɓa fita London ba sai ta filin jirgi. Tun da ciwon daji ya kama ta, abu ɗaya ta roƙa, wato ta kwana a inda ba za ta ji jiniyar motar asibiti ba. Zaman jirgin ƙasa ya fi ƙarfinta, don ba ta iya rabin sa'a a zaune sai ta nemi kwanciya. Likita ya ba su kwana goma sha biyu tsakanin magani da magani, ya kuma ja Almu gefe ya ce bayan zagaye na gaba kada ya sa ran za ta iya doguwar tafiya. Almu ya gaya mata ya samo mota. Bai gaya mata wacce ba, kuma ya san tsoro ne ya hana shi.

Ranar da ya cire katakon ya fito da motar titi, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, motar ta ƙi wuce mil talatin ko ya taka totur har ƙasa. Almu ya ce ai ya san motarsa. Ya canza filtar mai, ba ta canza hali ba. Ya cire batir ya mayar, fitilar ta mutu minti biyar ta dawo. Ya zargi famfon mai, ya zargi injekta, har mutanen gidan mai sai da ya zarga. Kwana huɗu cikin sha biyu suka tafi a haka kafin girman kansa ya sauka ya kai ta wurin Fatawu, wani bakanike ɗan Kumasi mai gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa.

Fatawu ya jona na'urarsa, ya duba, ya leƙa salansa, sannan ya tambayi Almu gudu mafi yawa da ya taɓa yi da ita. Almu ya ce shi bai taɓa gudu da gawa ba, mutane na biye da shi a baya, wasu ba su san hanyar maƙabarta ba. Daga asibiti zuwa masallaci, daga masallaci zuwa maƙabarta, shi ke nan.

"To, Baba, mota nan bai lalace ba," in ji Fatawu da Hausarsa ta zango. "Kai ne ka koya mishi tafiya sannu."

Ya bayyana masa cewa akwai wata matata a cikin salansa da ke tare baƙin hayaƙi, kuma ba ta ƙone shi sai inji ya yi zafi a kan doguwar hanya. Wannan kuwa ta yi shekaru tana rarrafe a cikin gari har ta toshe. Ya kwance ta ya wanke, ya kashe fitilar, ya ce sauran aikin na Almu ne: ya hau babbar hanya ya yi minti arba'in bai sauka daga mil sittin ba, in ba haka ba cikin kwana biyu za ta koma gidan jiya.

A nan Almu ya yi kuskuren da bai kamata mutum irinsa ya yi ba. Gareji babu wurin ajiya, sai ya kawo motar ya faka a ƙofar gidansu, ya wuce Peckham sayen katifa. Ya manta cewa babu Bahaushe a kudancin London da bai san wannan mota ba, kuma ba a taɓa ganin ta a ƙofar wani gida don alheri ba. Maƙwabciyarsu Hajiya Hamdatu, wadda a cikin motar aka ɗauki gawar mijinta, ta leƙo ta taga ta gan ta. Ta san Karimatu ba lafiya. Ta yi salati, ta aika saƙo a zauren mata na waya, ta ɗauki mayafi.

Da Almu ya dawo bayan la'asar da katifa a kafaɗa, takalma ya tarar sun cika ƙofar falo. Mata bakwai ne a ciki, idanunsu jajir, kowacce ta sunkuyar da kai don kunya. Karimatu da kanta ta buɗe musu ƙofa. Yanzu tana zaune a tsakiyarsu, ramammiya, tana ba Hamdatu haƙuri, ita da aka zo ta'aziyyarta. Almu ya tsaya da katifarsa kamar wanda aka kama da kayan sata. Bai taɓa jin ya tsani kansa irin na ranar ba.

Bayan sun watse ta ce ya sauka da ita ta gani. Suka sauka a hankali, tana riƙe da hannunsa. Ya buɗe mata baya. Ramukan kusoshin katakon suna nan a jere a ƙasa, ƙanshin kafur kuma bai fita ba duk wankin da ya yi. Ya fara bayani, cewa doguwa ce, mutum zai miƙe ƙafa sosai, cewa ba ta jijjiga. Da ya ji abin da bakinsa ke faɗa sai ya katse bayanin. Ya ce in ba ta so gobe zai mayar.

Ta daɗe tana kallon cikin motar.

"Malam, ai na san zan shige ta," ta ce. "Ban dai zaci zan samu kujerar gaba ba. Gobe da safe mu tafi."

Washegari bayan sun karya suka kama hanyar kudu. Suka wuce Croydon. Da suka hau babbar hanya, Almu ya ga allurar da ke nuna gudu tana kan talatin da biyar, kuma ba motar ce ta ƙi ba, ƙafarsa ce. Duk lokacin da ya taka sai ya ji ta ɗago da kanta. Idonsa na kan madubi yana neman jerin motocin da ke biye da shi. Manyan motoci suna wuce shi suna danna masa oda. Gumi ya karyo masa. Ya sani sarai in fitilar nan ta sake kamawa, Fatawu zai riƙe motar kwana uku, kuma ba su da kwana ukun da za su bayar.

Karimatu ta tambaye shi abin da bakaniken ya ce a yi, ya gaya mata. Ta ɗora hannunta a kan gwiwarsa ta danna, da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Babu kowa a bayanka," ta ce. "Taka."

Ya taka. Injin ya yi wani gurnani da bai taɓa jin ya yi ba, wani wari mai zafi ya shigo, allura ta haye hamsin, ta kai sittin ta zauna. Ita ta riƙe agogo tana ƙirga masa mintuna. Da suka kusa ƙarshen babbar hanyar lokaci bai cika ba, sai ya juya ya sake hawa, ba ta ce masa ta gaji ba ko da yake ya ga leɓenta ya bushe. Minti arba'in suka cika, fitila ba ta kama ba.

Da azahar suka isa wani fili a saman tudu, teku na ƙasa, babu abin da ake ji sai iska da tsuntsaye. Ta kalli ruwan ta gilashi na ɗan lokaci, sannan ta ce bayanta ya gaji. Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya tallafe ta ta hau. Ta kwanta a gefenta na dama kamar yadda take kwanciya kullum, ta ja farin mayafinta har kafaɗa, ta rufe ido.

Almu ya tsaya riƙe da ƙofar. Sau ɗaruruwa ya tsaya a daidai nan, ya duba abin da ke ciki, ya yi addu'a ya rufe. Hannunsa ya san nauyin ƙofar, ya san ƙarar da take yi. Ya kasa rufewa.

"Karima," ya ce. "Yi magana."

Ba ta buɗe ido ba. "In ce me?"

"Ko me."

Sai ta ce labulen nan da ya rataya, ko makaho ne ya zaɓa masa ai sai haka, kuma ya sa shi a bai-bai, ɗinkin yana ciki. Ta ce katifar ma bai cire mata leda ba. Ya zauna a bakin ƙofar, ƙafafunsa a waje, hawaye na zuba cikin gemunsa, ya ce ta ci gaba, yana ji.