Totur a Tsakiya

Motar kashe gobarar garinmu tsohuwar motar soja ce. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi gwanjon irinta a Melbourne ta ƙasar Ostireliya, mu manoman Tallinga muka yi karo-karo muka sayo ɗaya. Clarrie Duggan, bakanikenmu, ya ɗora mata tankin ruwa da injin famfo, ya rufe koren soja da jan fenti. Mummuna ce ta ƙin ƙarawa, amma babu tudun da ba ta hawa.

Aibinta ɗaya. Totur ɗinta a tsakiya yake, birki a dama, saɓanin kowace mota a garin. Duk wanda ya hau sai ya sha kunya, ban da Merv Tolhurst, wanda ya yi yaƙin yana tuƙa irinta cikin taɓon New Guinea. Tun dawowarsa ba ya shiga mutane. A kujerar direban motar nan kaɗai muke ganin ya saki jiki, kuma kowa ya san tasa ce.

Ranar da wani cikinmu ya taka totur maimakon birki ya rushe bangon rumfar da muke ajiye ta, Clarrie ya ce abin ya isa haka, zai sauya wa birki da totur wuri.

"Kada ka taɓa mata ƙafafu," in ji Merv.

"Haba mutumina! Ran da kake kwance da mura fa? Mu ce wa wuta ta dawo jibi?"

"Su koya mana."

"Mutum goma su koyi ƙafarka, ko kai kaɗai ka koyi tasu? Ko tsufan ne ya zo?"

Muka yi dariya, muka goyi bayan Clarrie. Gaskiya ce ya faɗa, har gobe ban ga laifinsa ba. Clarrie ya sauya musu wuri. Duk Lahadi sai ya fito da motar ya yi ta zagaya filin wasa shi kaɗai, har ƙafarsa ta saba. Ko kaza bai taɓa takawa ba.

A Fabrairu, da tsakar rana, iskar arewa ta koro wuta daga dajin bishiyoyin turare, ta nufo gonar Merv. Muna manne a bayan mota muka hango matarsa Enid ta fito da gudu, rungume da bargo, hayaƙi ya riga ya kai rumfar askin tumaki. Clarrie ya dira ya ruga gaba don ya buɗe ƙyauren shinge.

Merv zai tsaya, ya kai ƙafa ɓangaren dama, inda birki yake a zamanin yaƙi, sai ya taka totur. Motar ta yi kuka ta zabura. Ya murɗe sitiyari ya kauce wa Clarrie da ƙyar, ya dunguri turken shinge. Lagireto ya fashe, ƙafar gaba ta karye.

Tankinmu cike yake fal, famfo na aiki, amma tiyo bai kai ko rabin hanyar gidan ba. Muka yi ta gudu da bokitai da jiƙaƙƙun buhuna har zafi ya koro mu. Muna tsaye jikin motar muna kallo rufin kwanon ya lotsa ya faɗa ciki. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Merv bai sauko daga motar ba. Clarrie ya hau matakala, fuskarsa duk toka.

"Merv, ni na jawo. In na gyara ta zan mayar maka da birki da totur yadda suke a da."

Merv ya dubi ƙafarsa.

"Bar su yadda ka sa su, Clarrie. Daidai ka yi."

Ya sauko a hankali, ya kama hannun Enid. Sai ya waiwayo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku zaɓi wanda zai riƙa tuƙi," ya ce. "In akwai wuri a baya, zan iya riƙe tiyo."