Laimar Kwaɗin Ersilia a Bangon Coci

A ƙauyukan duwatsun Toskana mutum zai ba ka aron jakinsa, amma ba zai taɓa faɗa maka inda yake tsintar laimar kwaɗi ba. Ersilia ta gaji nata wurin daga uwarta, a gindin wata tsohuwar bishiya da tsawa ta tsaga biyu. Da abin da take tsinta a nan take shanya abincin hunturu. Maƙwabciyarta Palmira ta sha bin sawunta da asuba, kullum sai Ersilia ta zagaya da ita daji ta dawo da ita gida hannu rabbana.

Da gwiwa ta fara ciwo, sai ta kai ɗanta Gaudenzio wurin, don kada sirrin ya bi ta kabari. Shi mai zane ne, ya yi karatu a birni, ya dawo da gemu da yawan surutu.

"Ka rufe bakinka," in ji ta.

"Haba Mama, wa zan faɗa wa?"

Bakinsa kam ya rufe. A lokacin Fada, limamin cocin ƙauyen, ya ba shi aikin zana Maryamu da jaririnta a bangon coci, suna hutawa a hanyar Masar. Gaudenzio bai taɓa ganin Masar ba, sai ya zana abin da ya sani.

Ranar da aka yaye ƙyallen da ya rufe hoton, coci ya cika. Ersilia ta ɗaga kai ta dubi hoton. Ga laimar kwaɗi jere a ƙafar Maryamu, masu kaurin gindi da hula ruwan ƙasa, kamar ka miƙa hannu ka tsinka. Ga bishiyar a tsage, ga dutsen da ke hagunta, ga hasumiyar ƙauye can ƙasa, daidai yadda ake hango ta daga wurin. Yaron bai rage komai ba, don dama bai iya ƙarya da fenti ba.

Ba a taɓa ganin mutanen ƙauyen nan sun nutsu gaban hoto haka ba. Har maƙeri, da rabonsa da coci tun ranar aurensa, ya matso yana ƙanƙance ido.

Palmira ta dafa ta. "Kai, Ersilia, ɗanki ya iya! Ashe Masar ba nisa, bayan injin niƙa take."

Kafin a gama addu'a, mutanen bencin baya sun fara sulalewa, sun nufi daji.

Gaudenzio ya same ta a bakin ƙofa, fuskarsa fal murna.

"Mama, kin gani?"

"Na gani, gwani. Duk garin ma sun gani."

"Hancin ne ya ba ni wahala. Amma idanun naki ne sak."

Ta tsaya. "Idanun wa?"

"Na Maryamu mana. Ke na zana, kina budurwa, yadda Baba yake ba ni labari."

Ersilia ta juya ta koma ciki, ranta a ɓace. Cocin ya kusa zama wayam. Ta daɗe tsaye gaban hoton, ita kaɗai, tana kallon fuskar da babu wanda ya duba a ranar, har ita.