Farantin Da Ya Yi Rara

Uwar Tukunya ba ta iya karatu ba, amma duk makarantar an san ba a yi mata wayo a lissafi. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana dafa wa yara abincin rana a ɗan kicin ɗin da ke bayan aji ɗaya, kuma ko cokali bai taɓa ɓata ba tare da ta gano ajin da ya maƙale ba. Lambobi a jikin sikeli da buhunan shinkafa ta koye su. Baƙaƙe kuwa, ta ce ita da su sai dai gaisuwa daga nesa.

Aikinta yana da tsari, kuma tana son sa. Da an gama cin abinci, kowane aji ya dawo da farantansa a babban tire, ita da abokiyar aikinta Doguwa su wanke, sannan ta jera su goma-goma a kan dogon teburi tana ƙirgawa da leɓe. Tari arba'in da ɗaya, da guda uku a gefe. Ɗari huɗu da goma sha uku. Sai ta ga ukun nan sun zauna a gefe take kwance ɗaurin ƙugunta ta sha ruwa.

Rannan hukumar ilimi ta aiko da umarni cewa kowace makaranta ta liƙa a bakin ƙofa abin da ta kashe a shekara, da abin da ya faɗa kan kowane ɗalibi, don iyaye su gani da idonsu. Akawun makarantar, wani siririn saurayi mai tabarau, ya yi mako biyu yana fama da takardu har wuyansa ya ƙage. Ranar Litinin da safe ya fito da farar takarda, ya danna mata ƙusa huɗu a allon sanarwa, ya ja da baya yana kallonta kamar shi ya haife ta.

Kafin a kaɗa ƙararrawa iyaye sun cika wajen. Maigadi ya gyara tsayuwa ya shiga karanta wa jama'a da ƙarfi, kai ka ce shi ne hukumar. Albashin malamai kaza. Littattafai da alli kaza. Wuta da ruwa, gyaran rufin aji biyar, abincin rana. Da ya zo kan abincin rana Uwar Tukunya, wadda ta fito karɓar buhu, ta ɗan ɗaga kai don a san mai shi tana kusa.

"In an raba," in ji Maigadi, "kowane kai ya ci dubu tamanin da huɗu."

Wani tela mai 'ya'ya uku a makarantar ya ce, "To ni a ba ni na kawunan gidana a hannu, in koya musu a shago." Aka kwashe da dariya. Uwar Tukunya ma ta yi, har Maigadi ya kai layin ƙarshe.

"Yawan ɗalibai, ɗari huɗu da goma sha biyu."

Ta matsa gaban allon ta duba da kanta, don lamba ba ta buƙatar tafinta. Huɗu, ɗaya, biyu. Ta sake dubawa, ta koma kicin jiki a sanyaye.

Abin da ya sa kuwa, akwai jikarta, 'yar shekara bakwai da ake kira Giɓi saboda haƙoran gaba da suka fita suka ƙi dawowa. Uwar yarinyar, 'yar Uwar Tukunya ta fari, ta rasu a tsakiyar shekara. Uban kuwa direban babbar mota ne, ba ya wata guda a wuri ɗaya, sai ya kawo ta wajen kakarta da jaka ɗaya. Takardar haihuwa ta ɓata a wajen kwashe kaya. Da Uwar Tukunya ta kai ta ofis, Shugabar makarantar ta dubi yarinyar ta ce, "Ta zauna a aji, takarda ta biyo baya." Takarda ba ta biyo baya ba, Uwar Tukunya kuma ba ta sake tayar da maganar ba, don kada ta tuna wa mutane abin da suka manta. Kuma ta sani sarai, kafin zuwan Giɓi farantan da take wankewa ɗari huɗu da goma sha biyu ne cif.

Ranar ta ƙirga farantan sau biyu. Guda uku a gefe.

Doguwa, da ta ji zancen, ta ce, "Yaya, ki ja bakinki ki yi shiru. Yarinya tana cikin aji, tana ci tana sha. Kika je kika tono, su ce ai ba ta da takarda, ta koma gida. Me ya yi zafi?"

Gaskiyar Doguwa ce, kuma Uwar Tukunya ta yi shirun kwana uku. Sai dai shirun bai zauna mata ba. Ita da take auna wa kowane yaro ludayi ɗaya da rabi ba ƙari ba ragi, yanzu in ta zo kan tiren aji biyu, ajin Giɓi, sai ta ji hannunta ya yi nauyi. In an raba kuɗin nan kan yara ɗari huɗu da goma sha biyu, to farantin jikarta daga rabon wa yake fitowa? Allin da take rubutu da shi fa, da bencin da take zama? Ga kuma tsoron da ya fi wannan: yarinyar da ba a ƙirga ba, ranar jarrabawa wa zai kira sunanta?

Ranar Laraba da yamma suna zaune a ƙofar ɗaki, Giɓi ta kifa ciki a tabarma tana aikin gida da littafi mai hatimin makaranta, harshe ya leƙo ta giɓin. Ta ɗago ta ce, "Kaka, kallon me kike yi mini haka? Ko na yi miki kyau ne?"

"Kyau a ina, baki kamar ƙofar da aka cire wa ƙyaure."

"Ke ma ai naki na baya sun tafi. Na gani da kina hamma."

Uwar Tukunya ta kai mata dukan wasa da mafici, ta kauce tana ƙyalƙyata dariya. Yarinyar nan tana son makarantar nan kamar me. Tun asuba take tashi ta saka riga a baibai don sauri. Tsohuwar ta shiga ɗaki, ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, ta zazzage kuɗin da take tarawa na sabuwar katifa. Dubu talatin da ɗaya. Ta ƙulle su a bakin mayafi.

Washegari, bayan ta ɗora tukunya, ta bar wa Doguwa wuta ta nufi ofishin Akawu. Ɗan ɗaki ne mai fanka ɗaya da ke juyawa tana ƙara, da kabad cike da fayiloli, da kofin shayin da ya huce tun safe.

"Inna, ke ce da kanki? Shigo, zauna. Ko gishiri ya ƙare?"

Ba ta zauna ba. Ta kwance bakin mayafin ta ajiye kuɗin a kan teburinsa.

"Ɗana, wannan na kan jikata ne. Na san bai kai rabi ba, amma sauran a riƙa cira a albashina. Abu ɗaya nake roƙo, kada a kore ta."

Akawu ya cire tabarau ya mayar. "Wa ya ce za a kore ta? Kuma ai kuɗin nan ba iyaye ke biya ba, Inna. Abin da aka kashe ne kawai muka nuna."

"Na sani. Amma kun raba kan ɗari huɗu da sha biyu, ni kuwa faranti ɗari huɗu da sha uku nake wankewa. Akwai wanda ba ku ƙirga ba, kuma na san ko wace ce."

Nan fa fuskar Akawu ta canza. Ba don Giɓi kaɗai ba. In lambar yawan ɗalibai ta kuskure, duk takardar ta kuskure, ga sa hannunsa a jikinta, ga kwafi ya riga ya tafi hukuma. Kuma ya san tsohuwar nan ba ta ɓatan lissafi. Ya miƙe ya sauko da babban littafin rajista mai baƙar fata, ya buɗe, ya bi shafuka da yatsa har na ƙarshe. Sai ya tsaya. Ya karanta cikakken sunan Giɓi, na gaskiya, wanda rabon Uwar Tukunya da ta ji an faɗe shi duka tun bakin marigayiya.

"Ga ta nan, da tawada. Ita ce ta ƙarshe da ta shigo. Dubi lambarta."

Ya juyo mata da littafin. Ta sunkuya. Huɗu, ɗaya, biyu.

"Takardar haihuwar fa?"

Ya buɗe wani fayil ya nuna mata. "Shugaba ce ta je da kanta ta karɓo sabuwa, wata huɗu ke nan. Ta ce sau biyu tana kiranki ta gaya miki, da kin ji ta ambaci takarda sai ki ce tukunya za ta kama, ki ruga."

Uwar Tukunya ta nemi kujerar da ta ƙi ɗazu ta zauna. Kunya da daɗi suka haɗu mata, ta rasa wanne za ta fara ji. Ta goge ido da bakin mayafin da kuɗi suka fita.

Akawu kuwa bai huce ba. Ya tura mata kuɗinta ya ce, "Inna, ɗauki abinki. Amma farantin nan na rara sai mun gano mai shi yau, in ba haka ba ba zan iya cin abinci ba."

Da lokacin abinci ya yi ya zo kicin da biro da takarda, ya tsaya a bakin ƙofa yana rubuta abin da ya fita zuwa kowane aji. Ya haɗa. Ɗari huɗu da goma sha biyu. Suka jira aka ci aka gama, tire-tire suka fara dawowa. Suna tsaye sai ga ƙofar ofishin Shugaba ta buɗe. Ta fito da faranti a hannu, ta tsayar da masu ɗauke da tiren aji ɗaya, ta ɗora nata a kai kamar yadda take yi kullum, ta juya za ta koma.

Doguwa ce ta fara fashewa da dariya har ta dafa bango.

Dokar makarantar ce, kafin yaro ya kai loma baki sai Shugaba ta ɗanɗana abincin. Uwar Tukunya da hannunta take zuba wannan farantin tun kafin a fara rabo, ta aika, ta manta da shi, don a wajenta wannan ba rabo ba ne, ɗanɗano ne. Sai ya dawo a cikin na yara, ya shiga ruwan wanki tare da su, ya hau tari.

"Wayyo ni," in ji ta, ta riƙe haɓa. "Ashe shekara goma sha ɗaya ina ƙirga Shugaba cikin 'yan aji ɗaya."

Shugaba ta dawo jin hayaniya, Akawu ya ba ta labari yana haɗawa da dariya. Ta ce, "To tunda ɗaliba ce ni, Akawu, ina dubu tamanin da huɗuna?" Sannan ta dubi Uwar Tukunya ta rage murya. "Inna, da kin tsaya kin saurare ni tun farko, da ba ki sha wannan wahalar ba."

"Ranki ya daɗe, tsoro ne."

"Na sani."

Ranar farantan sun hau teburi kamar kullum, tari arba'in da ɗaya da guda uku. Sai dai Uwar Tukunya ta ɗauki ɗaya daga cikin ukun, ta ɗiga masa jan fenti a gindi, ta ajiye shi daban a kan kantar kicin.

Da aka tashi, ta riƙo hannun Giɓi za su tafi gida. A bakin ƙofa ta tsaya gaban allon sanarwa. Takardar ta fara naɗewa a kusurwa ɗaya, ta sa yatsa ta miƙar da ita.

"Ke mai boko, karanta mini layin ƙasan nan."

Giɓi ta yi ɗage, ta bi baƙaƙen a hankali, iska tana fita ta giɓin. "Ya-wan ɗa-li-bai. Ɗari huɗu da goma sha biyu."

"Kin ga wannan biyun na ƙarshe?"

"Na gani."

Uwar Tukunya ta kama ɗan yatsan yarinyar ta ɗora a kan lambar.

"Ke ce. Ba don ke ba, ɗaya za su rubuta."